Gudun safiyar Asabar: waɗanda na gani a parkrun da waɗanda ban gani ba

Duk Asabar da ƙarfe 9 na safe, a ɗaruruwan filayen shaƙatawa a faɗin Ingila, mutane kan taru su zagaya kilomita 5, wasu a guje, wasu a tafe, wasu suna tura keken jarirai. Ba a karɓar ko sisi. Sunan shirin parkrun, kuma masu aikin sa-kai na unguwa ne ke tafiyar da shi, tun daga mai riƙe agogo har mai tsayawa a kwana yana nuna hanya. Na daɗe ina zuwa, ina kuma kai mutane, don haka bari in faɗi hukuncina tun yanzu: a duk abin da aka taɓa tallata mini da sunan motsa jiki, babu wanda ya kama ƙafarsa. Sai dai yawan cewa da ake yi na kowa da kowa ne, wannan maganar tana buƙatar gyara, domin waɗanda jikinsu ya fi buƙatarsa su ne suka fi ƙaranci a wurin.

Shiga ba wuya. Za ka yi rajista sau ɗaya a shafinsu na intanet, su ba ka lamba mai zane-zane irin ta jikin kayan kanti, wato bakod. Ka buga ta a takarda ko ka ajiye ta a waya. Da ita za ka shiga kowane parkrun a duniya, ba sai ka sanar da kowa kana tafe ba. Ana saura 'yan mintoci a tashi, wani zai kira sababbin zuwa gefe ya bayyana musu hanya: zagaye nawa ne, ina hawa yake, ina taɓo ke taruwa in an kwana ana ruwa. Sannan shugaban taron na ranar ya hau benci da lasifika, ya gode wa masu aiki, ya tambaya ko akwai baƙi daga wasu garuruwa, a yi tafi, a tashi. In ka ƙarasa za a miƙo maka ɗan guntun roba mai lambar matsayinka. Ka kai shi da bakod ɗinka wurin mai ɗauka da waya, ya haɗa su, ka jefa robar a bokiti. Yawanci kafin azahar sakamakonka ya shigo ta imel. Robar nan don Allah kada ka wuce da ita gida. Duk mako sai an yi wannan roƙon, duk mako kuma sai an samu wanda ya manta ta a aljihu.

Ni ba da kaina na nemo su ba. Wata ma'aikaciyar jinya ce a asibitin unguwarmu, ranar da ta auna jinina ta ga ya hau fiye da yadda take so. Ta tambaye ni ko ina motsa jiki. Na ce aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu, a tsaye nake yini. Ta ce tsayuwa daban, tafiyar da ke ɗaga numfashi daban, kuma ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne babba ya samu aƙalla minti 150 na irin wannan a mako. Tafiyar kilomita 5 kusan awa guda ce, ka ga an ci fiye da sulusi a fita ɗaya. Sai ta ce ita ma tana zuwa, in na zo ranar Asabar zan same ta a bakin ƙofar filin ƙarfe 9 saura kwata. Takardar shirin tana manne a bangon ɗakin jira, na sha zama a ƙarƙashinta ban taɓa karanta ta ba. Kunyar in bar matar nan tana jirana cikin sanyi ita ta fitar da ni daga bargo.

Ashe ba dabarar kanta ba ce kaɗai. Tun 2018 ƙungiyar likitocin unguwa ta Birtaniya, RCGP, ta ƙulla ƙawance da parkrun, cewa asibitin unguwa ya haɗa kai da taron da ya fi kusa da shi, ya riƙa tura marasa lafiya, ma'aikatansa ma su riƙa zuwa. Asibitocin da suka shiga sun haura 1,000.

Kafin nan na taɓa biyan kuɗin wani gidan motsa jiki. Suna cirar nasu duk wata, ka je ko ba ka je ba, da na nemi fita kuwa sai da aka yi ta yawo da hankalina tsakanin waya da imel. Ga madubai ta kowane gefe, ga samari suna ɗaukar damatsansu hoto. A bar maganar.

Abin da ya sa na koma sati na biyu mutum ɗaya ne, mai riga ruwan lemo. Duk wadda ta yi ƙiba, ko shekaru suka ja, ko rabonta da gudu tun firamare, ta san ba gajiya take tsoro ba. Tsoronta ta zo ta ƙarshe kowa na kallo, masu aiki na duba agogo suna jiran ta iso su watse. Shirin ya kashe wannan fargabar da dabara mai sauƙi: kowane taro yana da mai aikin sa-kai sanye da riga ruwan lemo, wanda aikinsa kawai ya zo na ƙarshe. Duk nawarka, yana bayanka.

Ranar da na fara, wani dattijo ne mai furfura, tsohon direban bas. Na zo da doguwar riga da hijabi da takalmin aiki, tun kafin mu bar zagaye na farko masu gudu suka fara wuce mu a nasu na biyu. Bai ce in ƙara sauri ba, bai kuma yi ta yabona kamar yarinya ba, wanda shi ne abin da ya fi ba ni haushi a wurin masu son ƙarfafa wa mutum gwiwa. Ya tsaya rabin taku a bayana yana ba ni labarin gwiwarsa da aka yi wa aiki, da layukan bas da aka soke tun bayan ritayarsa. Da muka zo hawa na yi shiru don numfashi, shi ma ya yi shiru. A zagayen ƙarshe, duk mai tsaron kwanar da muka wuce sai ya tumɓuke alamarsa ya saɓa a kafaɗa ya biyo mu, har muka zama ɗan ayari. Muna dab da layin ƙarshe dattijon ya tsaya wai yana gyara igiyar takalmi, don in riga shi karɓar roba. Mun haura awa ɗaya, amma mai agogo yana nan tsaye, mai ɗaukar bakod ma tana nan, hannunta ya yi ja don sanyi.

A 2022 sun ƙara wasu masu shuɗiyar riga, su ma a tafe suke, suna gaban mai rufe baya, don kada mai tafiya ya ga kansa shi kaɗai. Ana ganin tasirin irin wannan a alƙalumansu: a 2005 matsakaicin lokacin gamawa kusan minti 22 ne, yanzu ya haura minti 30. Su da kansu alfahari suke da wannan jinkirin, kuma sun yi daidai, don ma'anarsa irina sun shigo.

Ya kamata a san inda abin ya samo asali, don yana bayyana wasu halayensa. Paul Sinton-Hewitt ɗan ƙungiyar masu gudu ne da ya ji rauni ya kasa fita da abokansa. Ranar 2 ga Oktoba 2004 ya tara mutum 13 a Bushy Park da ke kudu maso yammacin Landan, ya riƙe musu agogo, ƙananan fayafayan ƙarfe da ake sa wa noti suka zama lambobin matsayi. Sai a 2007 aka buɗe na biyu a Wimbledon. Yau shirin yana ƙasashe sama da 20, har da Afirka ta Kudu tun 2011, da Namibiya da Eswatini. Amma a tsakanin gogaggun masu gudu aka haifi shirin, a ɗaya daga cikin yankunan masu hali na Landan, kuma ranar da lokacin da aka zaɓa sun dace da mutumin da ke tashi aiki ranar Juma'a da yamma sai Litinin.

Filin da nake zuwa yana tsakanin unguwanni biyu. Ta gabas gidaje ne masu lambu, mota biyu a ƙofa. Ta yamma dogayen benaye ne na gidajen hukuma, a nan nake. Tagoginmu filin suke kallo, daga ɗakin girkina ina hango layin farawa. Amma in ka tsaya ƙarfe 9 saura ka lura da inda jama'a ke ɓullowa, ta ƙofar gabas ne da wurin ajiye motoci. Ka sunkuya ka dubi ƙafafu: takalman gudu na gaske, agogon da ke ƙirga bugun zuciya a kowane hannu. Daga benayenmu, da farko, da yatsun hannu ɗaya za ka ƙirga mu. Babu wanda ya hana mu, kuma ban taɓa ganin an yi wa wani kallon banza ba. Mutanen kirki ne ƙwarai. Kawai ba mu zo ba.

Ba filinmu kaɗai ba ne. Masu bincike a Jami'ar Sheffield sun duba taswirar Ingila gaba ɗaya, suka fitar da sakamako a 2020. Abin mamakin shi ne mazauna unguwannin talakawa, a matsakaici, sun fi kusa da parkrun a kan mazauna unguwannin masu hali, amma sun fi ƙarancin zuwa. Unguwannin da baƙaƙe da 'yan asalin Asiya suka fi yawa ma zuwansu ya yi ƙasa, ko bayan an cire tasirin talauci daga lissafi. Wannan ya yi daidai da abin da binciken hukumar wasanni ta Sport England ke nunawa shekara da shekaru: a cikin masu manyan ayyuka, kusan 7 cikin 10 suna cika minti 150 ɗin nan, a cikin masu ƙananan ayyuka da marasa aiki kuwa da ƙyar aka haura rabi. Su ne kuma ciwon suga da hawan jini suka fi kamawa da wuri.

To me ya hana su, tunda kyauta ne kuma a bakin ƙofa? Na farko dai lokacin. Safiyar Asabar hutu ce ga ma'aikacin ofis. Ga mai shara, mai gadi, mai aikin sito, direban tasi da ya kwana a titi daren Juma'a, da mai kula da tsofaffi, rana ce kamar kowace, wani lokacin ma ita ta fi kawo kuɗi. Wanda jadawalin aikinsa ke fitowa mako-mako ba ya iya ɗaukar wa kowa alkawarin Asabar. Ƙarfin shirin shi ne lokacinsa ba ya canzawa, ko'ina ka je a Ingila ƙarfe 9 ne, shi ya sa ya zame wa mutane jiki. Wannan ƙarfin kuma shi ne ya bar waɗancan a waje, kuma ban ga yadda za a gyara ɗaya ba tare da an ɓata ɗayan ba.

Sai yara. Ƙa'ida ita ce yaron da bai kai shekara 11 ba dole ya kasance inda hannun babba zai kai gare shi. Ƙa'ida ce mai kyau, amma uwar da ke da uku ita kaɗai, babu mai riƙe mata, sai ta haƙura. Sai takalmi, da rigar ruwa a lokacin hunturu. Akwai kuma abubuwan da masu shirin ba za su taɓa ɗauka matsala ba. Sakamako a fili yake a intanet, da sunanka da rukunin shekarunka. Masu ɗaukar hoto na sa-kai kan zuba hotuna a Facebook, kuma ko da yake za ka iya cewa ba ka so, sai ka san da maganar tukuna. An yarda mutum ya zo da kare ɗaya a gajeriyar igiya. Ga wanda ya tashi da kare a ɗaki wannan ba komai ba ne, ga wata kuwa shi ne dalilin da za ta juya daga bakin ƙofa. Maza da mata a haɗe suke, wasu matan kuma ba za su yi haki da gumi a gaban maza ba ko da likita ne ya rubuta.

Wanda aka fi mantawa da shi shi ne aikin sa-kai kansa. Kowane taro yana buƙatar mutane da dama duk mako, da ƙaramin kwamiti mai amsa imel, mai cike takardun kariya daga haɗari, mai magana da hukumar da ke da filin. Sa-kai sai mai rarar lokaci. Unguwar da ke cike da 'yan fansho masu lafiya da ma'aikatan ofis ba ta rasa hannu. Unguwar da kowa ke aiki biyu, ko an kafa mata taro, sau da yawa daga waje masu tafiyar da shi ke zuwa, su zo da abokansu, sai ka ga taron yana cikin unguwa amma ba na unguwa ba.

Ba wai masu shirin ba su san da wannan ba. A ƙarshen 2018 Sport England ta ba su fam miliyan 3 don buɗe sababbin taruka 200, da niyyar jawo mata da masu ƙaramin ƙarfi. Kuɗin ba su tafi a banza ba. Amma in nisa ba shi ne babban cikas ba, kamar yadda binciken Sheffield ya nuna, ƙara matso da layin farawa ba zai wadatar ba. Kamar a kai wa mara lafiya akushi har bakin gado ne alhali ba ya iya ɗaga hannu.

Abin da na ga ya yi aiki a wurinmu ya faro ne daga ɗakin taron da ke ƙasan benenmu, inda mata ke haɗuwa ranar Talata. Wata jami'ar ƙaramar hukuma mai kula da lafiyar al'umma ta zo, kuma abin da ya bambanta ta da na gabanta, tambaya ta zo yi, ba jawabi ba. Matan suka faɗa mata duk abin da na lissafa a sama, har da ƙari. Sai aka tsara a riƙa zagaya hanyar ranar Talata da hantsi, mata zalla, lokacin da yara suna makaranta filin kuma babu kowa. Ɗaya daga cikin shugabannin parkrun ɗin, mace, ta riƙa zuwa tana nuna musu ina ake farawa, ina ake juyawa, ina bayan gida yake. Asibitin unguwa ya ajiye kwali a ɗakin jira, mutanen gabas suka cika shi da takalman da suka daina sawa, wasu ko wata ba su yi a ƙafa ba. Aka yi karɓa-karɓar riƙon yara. Mai wayar zamani ta yi wa mara ita rajista, aka buga bakod a laburare. Duk wannan babu ko ɗaya a tsarin parkrun, kuma babu wanda parkrun ya hana.

Akwai wata dattijuwa a hawa na sama da nawa, ɗanta ya ɗauko ta don ta zauna da jikoki, ciwon suga na damunta, tana iya yin sati ba ta sauko ƙasa ba. Na same ta na ce, "Hajiya, ranar Asabar zan biyo miki."

Ta ce, "Ke 'yar nan, da tsufana zan je in yi tsere da Turawa?"

"Ba tsere za ki yi ba, Hajiya. Tsayuwa kawai za ki yi a kwana, ki nuna musu hanya da hannu."

"Da wane Turancin?"

"Ba a magana. Tafi ake yi."

Ta ce sai ta tambayi ɗanta. Shi kuma, Allah ya yi masa albarka, cewa ya yi, "Anti, in ta yarda ni zan riƙe mata kujera." Aka sa mata riga mai ƙyalli a kan mayafinta, aka ajiye ta a kwanar da ke kusa da tafki. Akwai wata ɗabi'a a wurin da ban faɗa mata ba: kusan duk wanda ya wuce mai tsaron kwana sai ya ce masa na gode, ko da numfashinsa na fita da ƙyar. Mutum ɗari biyu da wani abu, zagaye biyu. Da na iso kwanarta a tafe na tarar ta bar kujerar tana tsaye, tana tafi da hannu bibbiyu, tana yi wa wani ƙato mai jan ƙafa faɗa da Hausa wai ya daure saura kaɗan. A hanyar gida ta ce tunda ta zo ƙasar nan ba a taɓa yi mata godiya kamar ta yau ba. Sai da ta daɗe tana tsaron kwana kafin ta yarda ta taka zagaye ɗaya. Har yau ba ta gama kilomita 5 ba, ba ta kuma damu ba. Amma tafiya daga benenmu zuwa tafki da dawowa, da tsayuwar awa guda a iska, sun fi abin da take yi a da nesa ba kusa ba.

Shi ya sa in za ka kai wanda ke jin kunya, shawarata ka fara sa shi a aiki. Mai aiki ba ya jin shi baƙo ne, kuma ana rubuta masa ranar kamar yadda ake rubuta wa mai gudu.

Duk inda shirin ya kai ga mutanen da ba su saba zuwa ba, in ka duba za ka ga wata ƙungiya ce ta riƙo hannunsu. A 2017 aka fara yin sa a cikin gidan yarin Haverigg da ke Cumbria a arewacin Ingila, fursunoni na gudu, fursunoni na riƙe agogo, daga nan ya bazu zuwa wasu gidajen yarin. Masu fama da ciwon daji da iyalansu suna da ƙungiyar da ke haɗa su a parkrun ranar Asabar ta ƙarshen kowane wata. Manhajar hukumar lafiya ta NHS mai koya wa mutum gudun kilomita 5 cikin mako 9 ita ma tana kai mutane da yawa, don ƙungiyoyin unguwa kan yi bikin kammala ta a can. Parkrun na yara kuwa, kilomita 2 ranar Lahadi da safe ga 'yan shekara 4 zuwa 14, a ganina shi ya fi saurin shiga unguwa irin tamu, saboda uwar da ba za ta fita don kanta ba za ta fita don ɗanta.

Kyautar ma akwai mai biya. Kamfanoni masu ɗaukar nauyi, tallafin hukumomi, gudummawa da cinikin riguna ne ke riƙe ofishin, filin kuma aro ne daga mai shi. A 2016 majalisar yankin Stoke Gifford, kusa da Bristol, ta yanke cewa parkrun na Little Stoke ya riƙa biyan kuɗin gyaran hanyoyin filin. Hujjarsu ita ce ɗaruruwan ƙafafu duk mako suna cin hanya, kuma ƙungiyoyin ƙwallo na biyan nasu. Parkrun ya ƙi, taron ya rufe. Mutane da yawa sun yi wa majalisar ca, ni kuwa ina ganin hujjarsu ba ta wofi ba ce: filin na mazauna yankin ne, har da waɗanda ba sa gudu, kuma kuɗin kula da filaye ya yi ta raguwa a ƙananan hukumomi. Duk da haka ina bayan parkrun a nan. Ranar da aka sa fam ɗaya a ƙofa, mutanen gabas ba za su ji ba, Hajiya ce za ta koma sama.

Sauran ƙananan abubuwa. A Fabrairun 2024 sun cire jadawalin gwanayen da suka kafa tarihi daga shafinsu, suka ce yana tsorata sababbi. Masu gudu da yawa sun fusata, ni ko a jikina, amma na fahimci wanda ya yi shekaru yana farautar lamba ɗaya. Rigunan da ake samu bayan zuwa 50 ko 100 a da kyauta ne, yanzu saye ake yi. Bayan gida da wurin ajiye kaya sun danganta da filin, don haka ka karanta shafin taron da za ka je, a nan ake rubuta layin bas da yanayin hanya. In an yi ƙanƙara akan soke, ka duba kafin ka fito. A Sikotland da Ireland ta Arewa ƙarfe 9 da rabi ake tashi. In ba ka son hoto, ka faɗa wa shugaban taron kafin a fara.

Yanzu matan Talata suna son a kafa na yara ta ɓangarenmu na filin. Sharuɗɗan a bayyane suke: izinin mai fili, kuɗin farawa na wasu dubban fam, na'urar farfaɗo da zuciya a kusa, da kwamitin da zai ɗauki nauyi, wanda kuma sai an tantance shugabanninsa tunda harkar yara ce. Jami'ar ƙaramar hukuma ta ce kuɗin za su samu. Mutanen gabas sun ce za su ba mu aron hannu, mun gode musu, amma mun ce kwamitin dai daga benayenmu za a fitar da shi, ko da zai ja lokaci. Inda muka tsaya ke nan: ana neman waɗanda za su iya cewa duk Lahadi suna nan, kuma yawancin waɗanda suka fi so su ne jadawalin aikinsu bai fitowa sai ranar Alhamis. An sa zama na gaba bayan hutun makaranta.